Takobi a Inuwar Ƙirji: Tarihin Gano Ɓatan Jijiyar Huhu a Jikin Baligai

Gabatarwa

Cututtukan zuciya kashi biyu ne. Akwai waɗanda mutum kan gamu da su a tsakiyar rayuwa, akwai kuma waɗanda akan haife shi da su. Yawancin na kashi na biyu sukan bayyana tun jariri yana goye, ko dai ya kasa kama nono, ko leɓunansa su yi shuɗi-shuɗi, ko numfashi ya riƙa yi masa wuya. Amma akwai 'yan kaɗan da sukan yi lamo, mutum ya girma da su, ya yi aure, ya hayayyafa, har furfura ta fito masa bai san yana ɗauke da su ba. Ɗaya daga cikin irin waɗannan shi ne ɓatan jijiyar huhu, watau jijiyar da ya kamata ta kai jini gefen hagu na zuciya ta karkace ta zuba shi a gefen dama.

Wannan lacca za ta bi tarihin yadda likitoci suka kai ga ganin wannan lahani a jikin baligi mai rai, tun daga ƙarni na 18 har zuwa zamanin na'urorin ɗaukar hoto na yau. Za a ba da ƙarfi ga nau'insa da ba kasafai ake samu ba, wanda ake kira ciwon takobi. Tambayoyi uku ne suka yi wa tarihin jagora, ɗaya bayan ɗaya: shin akwai jijiyar da ta ɓace? Ina ta nufa? Jini nawa take ɗauka? Za a ga cewa tambaya ta uku ita ce ta fi jinkirin samun amsa, kuma a kanta ne makomar majiyyaci ta rataya.

Yadda Jini ke Zagawa, da Yadda Jijiya ke Ɓata

Zuciyar ɗan Adam ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama su ne masu karɓar baƙi, saboda haka za a kira su zaure, kuma ma'anar sunansu ke nan a harshen Latin. Na ƙasa su ne masu tura jini waje. Jinin da ya gama zaga jiki, ya rasa mafi yawan iskar oksijin da ke cikinsa, yakan dawo zauren dama ta manyan jijiyoyi biyu, ta sama da ta ƙasa. Daga nan ɗakin dama ya tura shi huhu, ya sha iska, sa'an nan jijiyoyi huɗu, biyu daga kowane huhu, su kawo shi zauren hagu. Ɗakin hagu kuwa shi ke tura shi ga sauran jiki.

Sanin wannan zagaye shi kansa ya ɗauki ƙarnoni. Jalinus, likitan zamanin Rumawa, ya koyar da cewa jini yakan ratsa daga dama zuwa hagu ta wasu ƙananan kafofi a bangon da ke tsakiyar zuciya. Ibn Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 13, shi ne ya musanta haka a sharhin da ya yi wa littafin Ibn Sina, ya ce babu kafa a bangon, ta huhu jini yake bi. William Harvey na Ingila ya bayyana cikakken zagayen jini a 1628, sa'an nan Marcello Malpighi na Italiya ya ga ƙananan hanyoyin jinin huhu da madubin ƙara girma a 1661.

To, yaya jijiya takan ɓata hanya? Amsar tana cikin makonnin farko na ciki. Huhun ɗan tayi yakan tsiro ne daga jikin hanjin farko, kuma da fari jininsa yakan koma ta jijiyoyin da ke yi wa sauran jiki aiki. Wajen ƙarshen watan farko sai wata jijiya ta haɗa huhu da zauren hagu, jini ya samu sabuwar hanya, tsofaffin hanyoyin su toshe su ɓace. Idan wani sashe na huhu bai haɗu da sabuwar hanyar ba, tsohuwar sai ta zauna daram. Idan dukkan jijiyoyin huɗu ne abin ya shafa, jariri ba ya daɗewa sai an yi masa tiyata. Idan kuwa ɗaya ce ko biyu, to, mutum yana iya rayuwa da abinsa.

Wurare uku aka fi samun wannan ɓata. Jijiyar saman huhun dama tana iya zuba a babbar jijiyar sama, kuma sau da yawa akan tarar da kafa a bangon da ya raba zauruka biyu a daidai wurin. Jijiyar saman huhun hagu tana iya hawa sama ta zuba a wata jijiya da ke bayan ƙashin ƙirji. Na uku shi ne ciwon takobi, inda jinin huhun dama, duka ko rabi, yake taruwa a jijiya guda mai gangarawa ƙasa ta gefen zuciya, ta zuba a babbar jijiyar ƙasa kusa da tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Galibi huhun daman yakan kasance ƙarami, zuciya ta zame zuwa dama ta cike gurbin, wani lokaci kuma a sami wata jijiya da ta taso daga ciki tana shayar da gindin huhun. An ƙiyasta cewa jariri 1 zuwa 3 cikin 100,000 ake haifa da shi, kuma mata sun fi maza samunsa.

Dalilin da ya sa lahanin ke ɓuya shi ne, jinin da ya ɓace mai kyau ne, ya riga ya sha iska. Saboda haka launin mutum ba ya sauyawa. Abin da ke faruwa shi ne aikin banza: jinin da ya fito daga huhu ya koma gefen dama, a sake tura shi huhu. Zuciyar baligi tana tura wajen lita 5 ga jiki a kowane minti idan yana hutawa. Idan jijiyar da ta ɓace tana mayar da lita 2 da rabi, to, gefen dama yana ɗaukar lita 7 da rabi ke nan, dare da rana. Shekara talatin ko arba'in ana wannan dakon, ɗakin dama sai ya buɗe ya yi girma, mutum ya fara haki, zuciya ta riƙa bugawa ba bisa ƙa'ida ba, wani kuma jinin huhunsa ya hau.

Zamanin Binciken Gawa

Kafin ƙarshen ƙarni na 19 babu hanyar leƙa ƙirjin mai rai. Likita yana iya ƙwanƙwasa ƙirji da yatsa, yana iya sauraro da bututun da René Laennec ya ƙago a Faransa a 1816, amma jijiyar da ta ɓace ba ta da wata ƙara tata ta kanta. Saboda haka duk abin da aka sani game da ita, daga teburin binciken gawa aka samo shi.

Jacob Winslow, masanin ƙirar jiki ɗan asalin Denmak mai koyarwa a birnin Faris, shi akan danganta wa bayani na farko a kan jijiyar huhu da ta zuba a gefen dama, a 1739. A 1798 James Wilson ya bayyana nau'in da ya shafi dukkan jijiyoyin. Ciwon takobi kuwa a 1836 aka fara rubuta shi, kuma mutum biyu ne suka yi haka a shekara guda, kowa da nasa binciken: George Cooper a Ingila, da Raoul Chassinat a Faransa. Dukkansu a gawar jarirai suka gani.

Wannan ya bar wani gurbi a tunanin likitoci wanda ya daɗe bai gushe ba. Wanda cutar ta kashe shi ake kai wa teburin bincike, wanda ta ƙyale kuwa yana gida. Da yake masu tsanani kaɗai ake gani, sai aka ɗauka lahanin na jarirai ne, kuma mai kisa ne. Sai daga baya, da masu koyar da ƙirar jiki suka riƙa ƙididdige abin da suke tararwa a gawawwakin manya waɗanda wasu cututtuka dabam suka kashe, aka lura cewa mutum 4 zuwa 7 cikin 1,000 suna da wata jijiyar huhu da ta ɓace, ba su kuwa taɓa sani ba. Henry Brody ya tattara rahotannin da aka buga kafin zamaninsa a 1942, amma har a lokacin sanin bai amfani majiyyaci ko ɗaya ba, domin bayan rai ya yi halinsa ake samunsa.

Zamanin Inuwa

Ranar 8 ga Nuwamba, 1895, Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksare a Jami'ar Würzburg ta ƙasar Jamus. Cikin 'yan watanni asibitocin Turai da Amurka suka fara amfani da shi. Ƙirji ya fi kowane sashe na jiki dacewa da wannan haske, domin huhu cike yake da iska, haske yana ratsa shi ya fito baƙi a hoto, zuciya da jijiyoyi kuwa masu jini sukan tare shi su fito fari. Jijiyar ciwon takobi ta ratsa tsakiyar huhu ne, saboda haka tana fitowa sosai: farar inuwa ce mai lanƙwasa, siririya a sama, tana ƙara faɗi tana gangarawa ta gefen dama na zuciya har ta iske tantanin ciki.

A rabin farko na ƙarni na 20, yaƙi da tarin fuka ya sa aka ɗauki hoton ƙirjin miliyoyin mutane masu lafiya, sojoji da ma'aikata da ɗalibai. Wannan ne karo na farko da likitoci suka ga ƙirjin mutanen da ba su kawo kukan komai ba. Amma inuwa ba ta faɗin sunanta. Ƙaramin huhu da zuciyar da ta zame gefe suna kama da tabon tsohon tarin fuka, ko huhun da ya lotse. Farar inuwar kuma tana iya zama tabo, tana iya zama jijiya. Ko an yarda jijiya ce, hoton bai nuna inda jinin cikinta ya dosa ba. Hasali ma an gano daga baya cewa akwai jijiyar da kan yi irin wannan lanƙwasa daidai, ta gangara ƙasa, sa'an nan ta juyo ta zuba a zauren hagu kamar yadda ya kamata, ba ta da wata illa. Eksare ya amsa rabin tambaya ta farko ke nan, ya bar sauran.

Bututu da Rini

Amsar tambaya ta biyu ta zo ne ta hanyoyi biyu da suka haɗu. Ta farko ita ce bututu. A 1929, wani matashin likita mai suna Werner Forssmann, a garin Eberswalde na Jamus, ya zura siririn bututu mai tsawon kimanin santimita 65 ta jijiyar hannunsa har zuwa zauren dama na zuciyarsa, ya tafi ɗakin eksare ya ɗauki hoto don shaida. Manyansa ba su yaba masa ba, aka yi watsi da aikin. André Cournand da Dickinson Richards su ne suka farfaɗo da shi a Asibitin Bellevue na New York daga 1941, suka mai da shi hanyar awo. Su ukun suka raba lambar Nobel a 1956.

Hanya ta biyu ita ce rini, watau ruwa mai sinadarin aidin wanda hasken eksare ba ya ratsawa. Idan aka ɗura shi a jijiya aka yi ta ɗaukar hoto a jere, sai a ga jini yana tafiya. Egas Moniz da abokan aikinsa sun nuna jijiyoyin huhu ta haka a Lisbon a 1931. Agustín Castellanos ya yi wa yara a Havana ta ƙasar Kyuba a 1937, sa'an nan George Robb da Israel Steinberg suka nuna dukkan ɗakunan zuciyar baligi a New York a 1938.

A 1949, Charles Dotter, tare da Hardisty da shi wannan Steinberg, suka ba da rahoton mutum biyu da aka gano jijiyar huhun damansu tana zuba a babbar jijiyar ƙasa, suna da ransu. Shekara 113 ke nan bayan Cooper da Chassinat. Rini ya nuna hanyar jijiyar tun daga huhu har mazubarta. Bututu kuma ya ba da shaida ta biyu. Jinin da ke dawowa daga jiki oksijin ɗinsa bai fi kashi 75 cikin 100 ba, na huhu kuwa ya haura 95. Idan ana janyo bututu a hankali ana ɗiban jini a kowane zango, sai a tarar awon ya yi tsalle a daidai inda baƙuwar jijiya ta shigo. Da waɗannan alƙaluma, da kuma ƙa'idar lissafin da Adolf Fick ya shimfiɗa tun 1870, ana iya kwatanta jinin da ke bi ta huhu da wanda ke bi ta jiki. A mai lafiya ɗaya da ɗaya ne. Abin da ya ɗara haka shi ne nauyin da jijiyar ta ɗora wa zuciya.

Da aka iya gani, sai aka fara tunanin gyara. Drake da Lynch sun yi tiyata ta farko a 1950, ta hanyar yanke naman huhun da jijiyar ke fitowa daga cikinsa. A 1956 John Kirklin da abokan aikinsa na Asibitin Mayo suka ba da rahoton gyaran da ya bar huhu a wurinsa, ya mai da jinin zauren hagu.

Yadda Sunan ya Samu

A wannan shekara ta 1956, Nicholas Halasz da Averill Liebow da wani abokin aikinsu a Jami'ar Yale suka kamanta inuwar jijiyar da takobi. Yana da kyau a lura cewa takobin da suke nufi ba irin miƙaƙƙen nan ba ne mai kaifi biyu da aka sani a ƙasar Hausa da ƙasar Abzin. Takobin Turkawa da Farisawa ne, mai lanƙwasa kamar jinjirin wata.

Wadda ta raɗa wa dukkan ciwon suna kuwa ita ce Catherine Neill, likitar zuciyar yara haifaffiyar Ingila, wadda ta yi aiki tare da Helen Taussig a Asibitin Johns Hopkins na birnin Baltimore. A 1960, ita da Charlotte Ferencz da David Sabiston da Sheldon suka ba da labarin wani uba da 'yarsa, dukkansu da ƙaramin huhun dama da jijiyar da ta ɓace. Rahoton ya nuna cewa lahanin yana iya bin jini a gida guda, ko da yake hakan ba kasafai yake faruwa ba. Ya kuma nuna abin da teburin gawa ya ɓoye, watau mutum yana iya kai wa ga zama magidanci da wannan jijiya a ƙirjinsa. Sunan ya yi amfani ƙwarai, domin ɗalibin da aka taɓa nuna wa takobin sau ɗaya, da wuya ya sake wuce shi a hoto bai gane ba.

Amsa-kuwwa, Yanka-yanka da Maganaɗisu

Aikin bututu yana da wahala da haɗari, ba a yi wa mutum shi don zato kawai. Saboda haka aka ci gaba da neman hanyar da ba sai an huda jijiya ba. A 1953, Inge Edler da Hellmuth Hertz suka gwada na'urar da ake binciken tsagar ƙarfe da ita a kan zuciya, a birnin Lund na Suwidin. Na'urar tana aika sautin da kunne ba ya ji, ta karɓi amsa-kuwwarsa. Daga nan hoton eko ya samo asali. Ga jarirai yana nuna jijiyoyin huhu sosai. Ga baligi kuwa yana da iyaka, domin sauti ba ya ratsa iska ko ƙashi, jijiyoyin kuma suna can bayan zuciya, huhu ya lulluɓe su. Abin da eko ya fi nunawa a baligi shi ne sawun ɓarnar, watau ɗakin dama da ya yi girma. Daga nan aka sami ƙa'idar da likitocin zuciya ke bi: duk baligin da gefen dama na zuciyarsa ya buɗe ba tare da dalili bayyananne ba, a nemi kafa a bangon zauruka, a kuma ƙirga jijiyoyin huhunsa. Tun daga 1976 aka fara zura kan na'urar ta maƙoshi, da yake hanyar abinci ta bi ta bayan zauren hagu, kuma wannan ya kusantar da ido ga mazubar jijiyoyin.

Ranar 1 ga Oktoba, 1971, aka ɗauki hoton majiyyaci na farko da na'urar Godfrey Hounsfield a Asibitin Atkinson Morley na Landan. Ita ce ake kira CT. Tana zagaya jiki da hasken eksare, kwamfuta ta haɗa hoton yanka-yanka, kamar an yayyanka rake an duba kowace gaɓa. Na'urorin farko kai kawai suke ɗauka, kuma yanka guda yakan ci mintoci. Ƙirji kuwa ba ya tsayawa, huhu na motsi, zuciya na bugawa. Sai da aka sami na'ura mai juyawa ba tsayawa wajen 1990, da mai ɗaukar yanka 4 a zagaye guda a 1998, da mai 64 a 2004, sa'an nan aka iya ɗauke dukkan ƙirji cikin riƙe numfashi guda. Da rini a jijiya, ana bin kowace jijiyar huhu daga reshe har mazuba, a ga girman huhun, a ga rassan hanyar iska, a ga jijiyar da ta taso daga ciki idan akwai.

Hoton maganaɗisu, wanda ake kira MRI, ya taso daga aikin Paul Lauterbur na 1973 da na Peter Mansfield. Ba ya amfani da hasken eksare, saboda haka ana iya maimaita shi shekara bayan shekara. Babban amfaninsa a nan shi ne awo. Yana auna yawan jinin da ke wucewa ta jijiyar da ke kai jini huhu, da wanda ke wucewa ta babbar jijiyar da ke kai jini jiki, har ma da wanda ke cikin jijiyar takobin kanta, ya kuma auna girman ɗakin dama. Abin da a 1949 sai an zura bututu a zuciya, yanzu ana samunsa mutum yana kwance da rigar asibiti. Aibinsa shi ne tsada da ɗaukar lokaci, kuma ba kowa ke iya shiga na'urar ba. Bututu bai mutu ba, amma aikinsa ya taƙaita ga auna hawan jinin huhu kafin tiyata, da toshe jijiyar da ta taso daga ciki.

A Yanka ko a Bari

Yawan ɗaukar hoto ya juya al'amarin. A da majiyyaci ke zuwa da ciwo a nemi dalili. Yanzu sau da yawa dalilin ake fara gani, a hoton da aka ɗauka don wata larura dabam. Wani bincike da aka buga daga birnin St. Louis na Amurka a 2009 ya duba hotunan CT fiye da 45,000 na baligai, ya sami jijiyar da ta ɓace a wajen mutum 1 cikin 1,000, kuma kusan rabinsu a saman huhun hagu take. To, me za a yi da mutumin da ya zo da ƙafarsa, aka ce masa jijiyarsa ta ɓata hanya tun yana ciki?

Claude Dupuis na birnin Lille da abokan aikinsa sun tattara mutum 122 masu nau'in manya na ciwon takobi daga cibiyoyi dabam-dabam, suka buga sakamako a 1992. A cikin 100 daga cikinsu, jinin da ke komawa bai kai rabin wanda ke bi ta huhu ba. A cikin 94, jinin huhu bai hau ba. Suka kammala da cewa galibin waɗannan mutane suna rayuwa lafiya ba tare da tiyata ba. Wani babban bincike na ƙasashen Turai ƙarƙashin Vladimiro Vida na Padua, wanda aka buga a 2018 a kan majiyyata 485, ya nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka gyara wa jijiyar, sabuwar hanyar ta tsuke ko ta toshe daga baya. Dalili kuwa shi ne, jijiyar takobi tana zuba nesa da zauren hagu, hanyar da za a gina mata doguwa ce mai kwana, jinin cikinta kuma ba shi da ƙarfin gudu.

Saboda haka ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin zuciya suka fitar, na Amurka a 2018 da na Turai a 2020, suka ɗora hukunci a kan awo. Ana shawartar tiyata idan mutum yana jin jiki, ko ɗakin dama ya yi girma, kuma jinin huhu ya kai ninki ɗaya da rabi na jinin jiki. Wanda reshe guda ne kawai ya ɓace masa, zuciyarsa kuma ba ta buɗe ba, akan bar shi a riƙa dubawa. Wanda kuma jinin huhunsa ya riga ya hau ƙwarai, tiyata tana iya cutar da shi.

Duk da haka, sanin jijiyar yana da amfani ko da ba za a taɓa ta ba. Idan wata rana aka buƙaci cire wani sashe na huhun wannan mutum saboda ciwon daji ko wata cuta, kuma aka cire mai kyau aka bar mai ɓatacciyar jijiya, kason jinin da ke komawa dama sai ya ƙaru nan take, zuciya ta kasa. An sha ba da rahoton irin wannan. Har wa yau, an sha yi wa mutum maganin asma, ko na hawan jinin huhu wanda ba a san sababinsa ba, shekara da shekaru, alhali sababin yana nan a hoton ƙirjinsa.

Kammalawa

An ga yadda wannan sani ya taso daga teburin gawa a 1739 da 1836, ya zama inuwa bayan 1895, ya tabbata a jikin mai rai a 1949, ya sami suna a 1956 da 1960, sa'an nan ya zama abin aunawa ba tare da huda jiki ba a ƙarshen ƙarni na 20. Kowace sabuwar na'ura ta nuna mutanen da wadda ta gabace ta ba ta gani ba, kuma kusan kullum sababbin sun fi na baya lafiya. Lahanin da aka ɗauka makashin jarirai ne, sai ga shi a ƙirjin kakanni. Wannan ne ya tilasta wa likitoci su raba tsakanin ganin jijiya da yanke hukunci a kanta.

A ƙasashen da na'urorin CT da MRI suka taƙaita ga manyan asibitocin birane, kamar Nijeriya da Nijar, hoton eksare na ƙirji shi ne wanda yawancin majiyyata ke samu, kuma tarin fuka ne abin da aka fi nema a cikinsa. Alamun nan uku, ƙaramin huhun dama, da zuciyar da ta zame dama, da farar inuwa mai lanƙwasa a gefenta, duk suna fitowa a wannan hoto mai araha. Likitan da ya gane su zai iya kare majiyyaci daga shan maganin tarin fuka wata shida a banza idan gwajin majina bai nuna ƙwayar cutar ba. Zai kuma tura shi a yi masa eko, a duba girman ɗakin dama, domin a san ko yana cikin 'yan kaɗan da ke buƙatar tafiya babban asibiti, ko kuwa yana cikin masu yawa da za a sallama su koma gida a riƙa duba su lokaci-lokaci.